Sawun Finjali

Ranar da na sauka a Kano, cikin hunturun farkon 2024, duk wanda ya shigo yi mini sannu da zuwa sai ya ce, "To, kin dawo gida." Ni kuma in ce alhamdu lillahi, don ba a jayayya da mai yi maka fatan alheri. Amma ban taɓa taka ƙasar Hausa ba sai ranar. Innata ma ba ta taɓa ba, haka kakata, wadda muke kira Habboba kamar yadda kowane ɗan Sudan ke kiran tasa. A Wad Madani aka yanke mini cibiya, a bakin Bahar Azrak, reshen kogin Nilu da ke gangarowa daga Habasha. Mahaifin Habboba ne ya zo daga yamma yana yaro, cikin ayarin da ya bi Sarkin Musulmi Attahiru a 1903. Da aka kashe Sarki a Burmi, waɗanda suka tsira suka ci gaba da nausawa gabas da niyyar Makka, da yawansu suka yada zango tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Namu ba su kai Makka ba. Noman audugar Jazira, yankin da garin Madani yake, ya riƙe su, aka yi aure, aka hayayyafa, zango ya zama gida. A can ana ce mana Fallata, kuma ba kullum ake faɗa da daɗin rai ba. A nan kuwa, kafin in yi wata guda na zama "Basudaniyar nan matar wane".

Gidanmu na Madani ba gidan masu hali ba ne, amma ko za a kwana ba a ci nama ba, ba a tsallake gahawar la'asar. Da an sallame salla Inna za ta jawo ɗan murhun gawayi ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ɗanyar gahawa ce, koriya-koriya, mai warin ɗanyen wake, irin wadda ake shigowa da ita daga Habasha ta Gallabat da Gadarif. Sai ta wanke ta, ta zuba a ɗan kasko mai dogon hannu, ta yi ta kaɗawa a kan wuta har ƙwayoyin su fara ƙaras-ƙaras, su yi baƙi, su yi gumin mai. Daga nan ba ta sauke kaskon ƙasa, sai ta zagaya da shi gaban kowa, kowa ya sa hannu ya jawo hayaƙin zuwa fuskarsa. Wanda aka tsallake a wannan zagayen, ya san akwai magana a ƙasa. Sannan a daka a ɗan turmi da taɓaryar ƙarfe, tare da busasshiyar citta, kuma ƙarar dakan nan ita ce gayyata, maƙwabta ba sa jiran aike. A tafasa a wani gwangwani mai hannu da muke kira sharagrag, a juye a jabana.

Jabana tukunya ce ta yumɓu, mai zagayayyen ciki da dogon wuya. Ba ta da gindin zama, sai an ɗora ta a kan wani ɗan gammo da aka yi wa ado da duwatsu. A bakinta ana cusa zaren dabino don ya tare tsaki. Finjalai ƙanana ne, marasa hannu, sukari kuwa kusan rabin finjali. Ga turaren wuta yana tashi a gefe, ga gugguru da dabino a faranti. Wata maƙwabciyarmu Bahabashiya ce ta koya mana sunayen zubi uku na ƙasarsu, abol da tona da baraka, tana cewa wanda ya tashi kafin baraka ya bar rabonsa.

Habboba tana sha, amma ba ta ɗauki gahawa a bakin komai ba. Nata abin yana cikin wani ɗan gwangwani a ƙarƙashin gado, an naɗe da tsumma. Daddawa ce, wadda take roƙo a wajen baƙi masu zuwa daga Najeriya. In ta buɗe sai ta lumshe ido ta ce, "Ƙamshin gida ke nan." Mu kuma mu toshe hanci mu gudu muna dariya. Na tuna na taɓa ce mata, "Habboba, wane gida? Ke da ko hanyar Sakkwato ba ki sani ba." Ta dube ni ta ce, "Hancina ya sani." Ta rasu ina aji biyu a kwaleji, ban taɓa ba ta haƙuri kan wannan maganar ba.

Kwalejin zane na yi a Hartum. Baba bai so ba, ya ce, "Takarda za ki ci?" Inna ce ta sayar da awarwaronta. A can babu ranar da malamai ba sa ambaton Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Umdurman a 1930, ɗan malamin Alƙur'ani. Ya yi karatu a Landan, ya dawo da zane irin na Turawa, ya ga mutanen garinsu ba su ga kansu a ciki ba, sai ya koma ga rubutun allo da launin ƙasa. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kobar sama da wata shida ba shari'a, ya riƙa zane a kan yage-yagen buhun siminti yana binnewa cikin yashi. Akwai jerin zanensa na bishiyar haraz, wato gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. A 2013, ina ɗaliba, aka baje ayyukansa a Tate Modern, babban gidan nuna zane-zane na Landan, muka yi ta alfahari kamar kawunmu ne. Duk da haka darasin bai shige ni ba. Fentin mai na ƙasar waje nake so, da babban ƙyalle, da sunana a ƙasa. Gahawa a wajena aikin tsakar gida ne. Masu jibge tarkace a tsakiyar ɗaki su ce fasaha ce kuwa, ni ce kan gaba wajen yi musu dariya.

Na gama, na koyar da zane a wata makaranta, a 2018 na auri wani Bakano da ya zo karatu Jami'ar Afirka ya zarce da kasuwanci. Muka haifi 'ya mace. Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ashirin da huɗu ga azumi, muka tashi da ƙarar harbi tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, rundunar da ke jayayya da su kan mulki. Kowa ya ce kwana biyu ne. Bayan kwana goma muka fita da jaka ɗaya muka nufi Madani. Zanena wajen talatin na jingina su a bango na rufe da zanin gado, wai kada ƙura ta taɓa su. Daga baya wani maƙwabci ya ce an ɓalle ƙofar. Ban tambaye shi sauran ba.

Wata takwas muka yi a gidan Inna. Gidan ya cika da dangi masu gudun hijira, ana kwana har a zaure. Sukari ya yi tsada, aka koma ɗan barbaɗawa, amma gahawar la'asar ba ta tsaya ba. Mu goma sha ɗaya ne manya da ke zama a tabarmar nan kullum, kowa da gurbinsa. A watan Disamba yaƙin ya iso Madani, cikin kwana biyu muka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Mu muka kai Gadarif da Inna. A nan ta ce ba ta ƙara taku ɗaya: "Kakanku ya yi tafiyar da ta ishe mu duka." Ni da maigidana da yarinya muka tsallaka Gallabat zuwa Matama, muka bi ta Gondar har Adis Ababa, muka hau jirgi zuwa Kano.

A Gondar na yi abin da har yau maigidana ke yi mini gori a kai. Ya ba ni kuɗin abincinmu na kwana biyu, na shiga kasuwa na dawo da kilo biyu na ɗanyar gahawa. Bai yi mini magana ba har muka kai Adis.

Abin mamaki, da muka zo Kano ban buɗe ƙullin ba. Wata biyar yana ƙasan akwati. Muna zaune gidan surukata, Hajiya, a cikin birni, mace mai kirki da faɗa kamar barkono. Ba na zane, ba na fita, in an yi magana in amsa. Kano garin shayi ne. Mai shayi na kowace kusurwa da tulin burodi da gwangwanayen madara, in ka ce kofi sai ya yage maka 'yar ledar Nescafé. Masu cewa gahawa kuwa, galibi irin ta Saudiyya suke nufi, fara-fara mai ruwan ɗorawa. Daddawa kuma, wadda Habboba ke ɓoyewa kamar zinariya, ga ta nan tuli a faifai ƙuda na bi, kullum tana cikin miyar kuka. Sai na riƙa jin kamar na shigo gidan da Habboba ta yi ta mafarki, ita ba ta samu zuwa ba, ni da na zo kuma ba nawa ba ne.

Wata la'asar cikin damina, an ɗauke ruwa, ƙasa tana ƙamshi, na tashi kamar an tsikare ni. Na hura gawayi a kurfoti, na ɗauko kaskon suyar ƙwai, na zuba gahawa tafi ɗaya. Hajiya ta fito daga ɗaki da carbi a hannu: "Ke 'yar nan, me ke ƙonewa?" Ban iya amsawa ba. Hayaƙin ya riga ya shiga, kuma ba tunawa na yi ba, gani na yi. Ga darbejiya, ga ƙafar Inna da lalle, ga Baffa yana gyara zama yana cewa a ƙara masa sukari duk da likita ya hana. Na ɗaga kaskon zan zagaya da shi, sai na ga ba kowa a tsakar gidan sai Hajiya tana kallona. Na miƙa mata. Ba ta san abin da ake yi ba, amma ta sunkuyo ta shaƙa, ta yi tari, ta ce, "Allah ya kyauta." Ta zauna.

Babu jabana, a tukunyar shayi na dafa, na tace da rariya. Na ajiye ɗan kofin a kan littafin makarantar 'yata, da na ɗaga sai ga sawun gindinsa, zagaye, ruwan ƙasa, gefe ɗaya ya fi kauri. Na daɗe ina kallonsa. Na yago takarda, na tsoma gindin kofin a sauran gahawar na dangwala. Na sake. Sai da na yi goma sha ɗaya, kowanne a gurbin da mai shi ke zama a tabarmar Madani. Wannan ne zane na farko da na yi tun barina Hartum.

Washegari na tarar kiyashi sun cinye shi. Da sukari na yi, suka bi kowane zagaye suka lashe tas, har da ɗan fatar takardar. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce ko banza an samu masu son zanen. Na koma yi da gahawa tsura. Sai watan Agusta ya zo da laima, takardun suka yi fumfuna. Waɗanda suka tsira, in ka shafa da yatsa sai launin ya biyo ka. Malamin makarantar allon ƙofar gidanmu ne ya warware mini. Na aika yaro ya tambayo yadda yake haɗa tawada ta kama allo, ya aiko mini da ƙaro a leda, ya ce in jiƙa ya kwana. Da na ga ƙaron sai da na yi murmushi, don shi ne muke kira hashab a Sudan, wanda ake ɗiba a Kurdufan da wajen Gadarif ana kaiwa duniya. Na tafasa gahawa har ta koma kwata, na tace sau uku a ƙyalle, na zuba ruwan ƙaro kaɗan. Ta zauna.

Gahawa ba fenti ba ce, ba ta yarda da gaggawa. Shafa ɗaya launin rairayi take bayarwa. In kana son launin bangon laka sai ka shafa sau huɗu ko biyar, kana jiran kowace ta bushe. In ka ƙona ƙwayar sosai mai ya fito, takarda ta yi tabo. Zan kuma faɗi wani abu da abokan sana'a ba sa so a faɗa: wuraren da suka fi duhu a zanena, ba gahawar Gondar ba ce, Nescafé ce ta wajen mai shayin layinmu. Tana narkewa gaba ɗaya, ta yi kauri kamar madi, babu ɗanyar gahawar da ke kai ta baƙi. Na yi wata guda ina jin kunyar haka, daga baya na ce ai ita ma a garin na same ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙamshin. Don shi na fara, amma takarda ba ta riƙe shi. Ranar farko ɗaki ya gauraye, rana ta huɗu sai ka manna hanci kafin ka ji ɗan burbushi, bayan mako guda warin takarda kawai. Na rufe su a leda, na shafa garin gahawa a bayansu, na turara su, duk a banza. Wata rana ina ƙorafi, Hajiya tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ke ma dai. Turare ma ai sai an sa masa wuta."

Daga nan na san takardun kaɗai ba za su isa ba. Na nemi mai ginin tukwane a wani ƙauye bayan gari, na nuna mata hoton jabana a waya. Ta juya wayar sama da ƙasa ta ce, "Wannan tulun ba shi da gindi?" Ta farko ta fito kamar buta, ta biyu ta tsage a wuta, ta uku wuyanta ya yi kauri amma tana zuba gahawa ba ta ɗiga. Da ita nake aiki har yanzu.

Da wasu matasa masu zane suka shirya baje koli a wani zaure a Kano suka ba ni kusurwa, na rataye takarda goma sha ɗaya. A kowace akwai shatar tsakar gidanmu daga sama, kamar yadda tsuntsu zai gan ta, da sawun finjali ɗaya a gurbin mutum ɗaya. Ban zana fuskar kowa ba. Hajiya ta ji daɗin haka don ba ta son hoton mutum a bango, ni kuwa dalilina daban: fuskokin sun fara rikice mini, amma ban manta inda kowa ke zama da yawan sukarinsa ba. A ƙasan kowace na rubuta garin da mai ita yake: Gadarif, Kasala, Bur Sudan, Alƙahira, Jidda, Kampala, Kano. Biyu babu gari. Ɗaya ta Baffa ce, wanda ya rasu a hanya da maganin ciwon sukarinsa ya ƙare. Ɗaya ta ƙanina ce, autanmu, wanda ya koma Madani ɗauko takardun gida, daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Masu zauren suka ce ba a hura wuta a ciki. Muka yi ta ja-in-ja, aka daidaita a bakin ƙofa. Na shimfiɗa tabarma, na soya, na zagaya da kasko gaban duk wanda ya shigo. Wani ɗalibi ya gama zagaye ya dawo ya ce, "Anti, ina zanen yake?" Wani alhaji ya so sayen ɗaya, ya tambaya ko launin zai daɗe, na ce rana na cin sa sannu a hankali, ya mai da kuɗinsa aljihu. Ban ga laifinsa ba. A ƙarshen jerin na ajiye 'yar ƙwarya a rufe da faifai, na rubuta "Habboba". Duk Bakanon da ya ɗaga faifan sai ya kwashe da dariya: "Daddawa ce fa!" Dariyar da muka yi wa tsohuwa ke nan muna yara, sai dai ta wata fuskar.

Rana ta biyu wani tsoho ya zo, jikansa na riƙe da hannunsa. Ba wajena suka nufa ba, wucewa za su yi, hayaƙin ya tare shi. Ya tsaya cak, ya ɗaga hanci, ya ce da Larabcin Sudan tsantsa, "Ya bitti, di jabana?" Wato 'yata, jabana ce wannan? Ashe yana saurayi ya tafi aikin hajji ta ƙasa, guzuri ya ƙare, ya yi shekara biyu yana tsinkar auduga a Jazira kafin ya tara kuɗin jirgin ruwa. Ya zauna a tabarmar, ya sha zubi uku, yana lissafa mini sunayen tashoshin jirgin ƙasa da mutanen da suka ciyar da shi, waɗanda duk sun riga mu gidan gaskiya. Jikan ya ce bai taɓa jin kakansa ya yi Larabci ba in ba a salla ba. Tsohon ya tashi, ya sa mini albarka, ya tafi, ko kallon bangon bai yi ba. Ba zan ɓoye ba, abin ya ɗan sosa mini rai. Wata biyar na yi a kan takardun nan.

Gahawar Gondar ta ƙare tuni. Yanzu wani direba ke kawo mini ta tsaunin Mambila, tana da ɗan tsami, Inna ta ce a waya in ƙara mata citta. Hajiya ta koyi sha, in la'asar ta yi ban fito da kurfoti ba sai ta leƙo ta ce, "Yau ba a ƙona mana waken ba ne?" 'Yata kuwa ta ce ɗaci gare ta, tuwo da miyar kuka take so, kuma Larabcinta ya fara zubewa. A Janairun 2025 sojoji suka karɓe Madani, yayana ya je ya ga gidan, ya ce darbejiyar na nan, ƙofofi da tagogi ne babu. Ya bi asibitoci da masallatai yana cigiyar auta.

Takardun suna ɗakina a jere. Tara na rufe su daga rana. Ta Baffa na bar ta kusa da taga, tana dushewa, yanzu sai ka matso kafin ka ga zagayen. Ta auta kuwa duk Juma'a bayan la'asar ina tsoma gindin finjali in sake dangwala mata a daidai wurin. Ta fi sauran duhu nesa ba kusa ba, har takardar ta fara ɓulewa ta gefe ɗaya. Makon jiya na liƙa mata wata ta baya da ruwan ƙaro.